Kilo Goma Sha Biyun Mama

Matakala huɗu ne a ƙofar gidan. Shekara talatin da ɗaya Mama tana hawa tana sauka, da kwando, da goyo, da buhu, ba ta taɓa tsayawa ta ƙirga su ba. Sai da shanyewar ɓarin jiki ta kama Malam, aka dawo da shi daga asibiti a kan keken marasa lafiya, sannan ta san huɗu ne cif, ta kuma gano cewa ta ukun ta ɗan fi 'yan'uwanta tsawo.

Ciwon ya tafi da ƙafar dama da hannun dama. Baki kuwa ya bar shi garau. Malam ya yi shekara talatin da biyar yana koyar da kimiyya a sakandare, ya yi ritaya, amma har yau ba wanda ya sanar da bakin. Mama takan ce da ciwon ya yi shawara da ita kafin ya shigo, da ta nuna masa abin da zai ɗauka ya bar mata ƙafar. Shi kuma ya ce ai shi ya sa bai yi shawarar ba.

To ga inda matsalar take. Duk ranar da za a fita da Malam, asibiti ne ko shan iska, sai an nemo ƙarti uku. Mama ta leƙa ta kira Mai gas na tsallaken titi, ta kira maƙwabci, ta tsaya jiran wani mai wucewa da Allah ya ba kafaɗa. Su kama keken, wannan na cewa a ɗaga, wancan na cewa a sauke, Malam na sama yana lilo kamar firij ranar tashi daga gida. Ya jure sau biyar. A na shida ya ce shi ya gama fita, in duniya tana da magana da shi ta zo ta same shi a falo. Wata biyu ke nan bai ga titi ba sai ta taga.

Babbar 'yarsu ce ta zo da maganar da ta hana Mama sakat. Ma'aikaciyar jinya ce, kuma tun tana 'yar shekara shida ake kiranta Sufeto, don ita ce mai duba farcen ƙanne da bayan kunnensu. Wata Asabar ta zo, ta auna jinin uban, ta ƙirga ƙwayoyin magani, ta buɗe firij ta rufe, sannan ta zauna ta haɗa hannu a cinya. Mama na ganin zaman nan ta san da magana.

"Mama, ƙarshen wata zan kwashe ku. Gidana ba matakala ko ɗaya. Na riga na share ɗakin baya."

"Ni da gidana, ɗakin baya," in ji Mama.

"In wani abu ya taso da rana tsaka, Mai gas ya rufe shago, maƙwabci yana wurin aiki, ya za ki yi da Baba? Goya shi za ki yi?"

Gaskiya ce, shi ya sa ta yi zafi. Mama ta dubi kicin ɗin da ta san inda kowane cokali yake ko ido a rufe, ta dubi tagar da take hira da maƙwabciya, ta hango bishiyar lemun da ta dasa da hannunta. Ba ta son barin gidan nan, ko kaɗan ba ta so. Ba wai ba ta ƙaunar 'yarta ba ne. Tana ƙaunarta sosai, amma daga ɗan nesa, inda ba za a riƙa ƙirga mata cokalin sukari ba.

"In na iya fitar da shi na dawo da shi ni kaɗai fa?"

Sufeto ta dubi uwar, wadda tsawonta bai wuce kafaɗarta ba, ta dubi uban, wanda ya cika keken har ya yi saura. "In kin iya, ke kaɗai, ba kiran kowa, a gaban idona, na bar ku. Nan da mako uku."

"Ka shaida, Malam."

"Na shaida," in ji Malam. Idonsa ya riga ya koma kan matakalar, kuma Mama ta ga wani haske a cikinsa da ta kwana biyu ba ta gani ba.

Washegari aka kira Kafinta. Tsohon ɗalibin Malam ne, yanzu ga furfura a gemu, ga 'ya'ya biyar, ga shago nasa na kansa, amma da ya shigo falon sai ya ƙame, hannu a baya, har sai da aka ce ya zauna. Ya leƙa matakalar ya ce abu mai sauƙi ne, katako ƙafa biyar zai jingina, irin wanda yake yi wa masu babur, kafin la'asar ya gama.

"Babur yana da inji," in ji Malam. "Ni injina ga ta nan tsaye, shekararta sittin da ɗaya, gwiwarta na ƙara. Har yanzu ba ka daina ba da amsa kafin ka karanta tambaya ba. Ɗauko alli, yana cikin durowa. Kai za ka rubuta, hannuna ya tafi hutu."

Aka turo Malam bakin ƙofa, Kafinta ya durƙusa a simintin baranda da alli. Ya auna daga tsakar gida zuwa bakin ƙofa, ƙafa biyu daidai.

"To ku saurara," in ji Malam, ya gyara murya. "Ɗaga ni da keken nan sama ƙafa biyu aiki ne, kuma aikin yana da adadi: nauyinmu sau tsayin da za a ɗaga mu. Adadin nan ba ya raguwa. Ƙarti uku ne suka yi, gangare aka bi, inji aka kawo, shi ne dai. Abin da gangare yake yi, yana shimfiɗa aikin ne a doguwar hanya. Gajeriyar hanya, ƙarfi mai yawa. Doguwar hanya, ƙarfi kaɗan. In ka ninka ƙarfin da tsawon hanyar, amsa ɗaya za ka samu."

Kafinta ya gyaɗa kai, irin gyaɗawar da yake yi a aji, wadda ba ta nufin komai. Mama ce ta ce, "Wato kamar kwashe ruwan baho. Ko in kinkime shi gaba ɗaya bayana ya ƙage, ko in bi shi da kofi ina zirga-zirga. Ruwan dai shi ne."

Malam ya juyo ya dube ta da kyau. "Shekara talatin da biyar ina neman ɗalibi ɗaya da zai faɗa mini haka, ashe yana kicin ɗina."

"Ka taɓa tambayata?"

Saura a san girman kofin Mama. Malam ya sa aka zaƙulo sikelin awon nauyi, mai allura, wanda Sufeto ta saya masa shekarun baya don ya riƙa lura da ƙibarsa, shi kuma ya lura da cewa ƙarƙashin gado ya fi dacewa da shi. Aka kaɗe ƙura. Ya ce Kafinta ya riƙe shi a jikin bango daidai ƙirjin Mama, ita kuma ta tura da hannu biyu kamar tana tura keke. Mama ta cire mayafi, ta ɗaure zani, ta danna har jijiyar wuyanta ta fito. Allura ta haura ashirin.

"Rubuta ashirin," ta ce tana haki.

"Kar ka rubuta. Ba dambe za ki yi da ni ba. Turin da za ki iya riƙewa kina ƙirga talatin, kina kuma iya yi mini faɗa a lokaci guda, shi nake so."

Ta sake turawa, tana ƙirgawa, tsakanin lamba da lamba tana gaya masa abin da take tunani game da mutumin da ke zaune yana ba da umarni. Allura ta tsaya a goma sha biyu ta ƙi motsi. Aka rubuta. Aka mayar da Malam kan kujera, aka ɗora keken a sikeli, kilo goma sha shida.

"Sai nauyinka, Malam," in ji Kafinta. Ba yadda za a yi Malam ya tsaya a kan ɗan sikelin nan da ƙafa ɗaya.

"Sittin da takwas," in ji Malam, ko ƙifta ido bai yi ba.

Kafinta ya ɗago ya dubi cikin Malam, ya mayar da kai ƙasa ya rubuta. Wa ya isa ya musa wa malaminsa? Sittin da takwas da sha shida, tamanin da huɗu. Sau biyu, ɗari da sittin da takwas. A raba da sha biyun Mama, ƙafa goma sha huɗu. Sai da gumi ya karyo wa Kafinta kafin ya kai nan, amma ya kai. Malam ya ce a ƙara ƙafa biyu saboda gugar taya da katako, don hanya ma tana cin nata kason. Goma sha shida ke nan.

Kwana huɗu tsakar gidan na amon guduma da zarto. Kafinta ya yi aiki mai kyau, ba ƙarya: katako mai kauri, ƙafafu a ƙasa, ɗan shinge a kowane gefe don kada taya ta zame. Gangaren ya miƙe daga ƙofa, ya bi ta gefen bishiyar lemu, ya sauka a hankali yana fuskantar get.

Ranar gwaji Malam ya sa hularsa mai kyau. Mama ta kama hannun keken, ta saki birki, ta tura shi kan gangaren fuska a gaba. Taku biyu na farko lafiya lau. A na uku ta ji keken ya daina jiran ta. A na huɗu shi ke jan ta.

"Wannan shi ne abin da na manta ban faɗa ba," in ji Malam, iska na kaɗa masa riga. "Ƙarfin da aka kashe wajen hawo da ni bai ɓace ba, yana nan a ajiye muddin ina sama. Yanzu ne yake fitowa yana komawa gudu."

"Malam, rufe bakinka ka kama birki!"

Silifas ɗinta na fat-fat-fat a katako, Kafinta na biye da guduma a hannu, suka wuce lemun, suka sauka a ƙasa, keken ya gangara ya je ya sumbaci get a hankali, ƙwam. Hular Malam ta faɗo kan cinyarsa. Sai Malam ya fashe da dariya, irin wadda take girgiza ciki, Mama ta dafa get ita ma ta kama, har hawaye. Rana na dukan fuskarsa kai tsaye, karon farko cikin wata biyu, ya ɗaga kai ya rufe ido. Daɗi ya cika Mama har ta rasa inda za ta sa shi. A nan aka kafa doka, daga yau da baya za a riƙa sauka, ita a ƙasa tana tare shi.

Sai hawa. Ta juya keken, ta ce bismillah, ta tura. Ƙafa uku, ƙafa biyar, ƙafa bakwai. Daidai lemun ƙarfinta ya fara ƙarewa. Ta ƙara taku ɗaya, keken ya tsaya, sannan ya fara dawowa yana matsa mata ƙirji. Ba don Kafinta ya yi wuf ya sa kafaɗa ba, da sun sake gaisawa da get.

Malam ya ce iska ce ta yi ƙaranci a taya. Aka ba taya iska. Ya ce mai ne babu a gindin tayoyin. Aka ɗiga mai. Ya ce silifas ne, aka ɗauko mata takalmin roba mai kama ƙasa. Kwana uku ana wannan, kullum a lemun take tsayawa, kamar an ja mata layi.

Rana ta huɗu Mama ta fito baranda da tsintsiya, ta tsaya a kan lissafin allin da har yanzu bai goge ba. Ta bi lambobin ɗaya bayan ɗaya. Ƙafa biyu, da idonta ta ga an auna. Sha biyu, da hannunta ta tura, jiya ma ta sake gwadawa a ɓoye, sha biyun ne. Sha shida, tana tsaye aka ɗora keken. Lamba ɗaya ce kawai a simintin nan da ba ta fito daga tef ɗin awo ko sikeli ba. Ta jingina tsintsiya ta shiga falo.

"Malam, sittin da takwas ɗin nan, wa ya auna?"

"Likita."

"Yaushe?"

Malam ya ɗauki kofin shayinsa ya leƙa ciki kamar an rubuta amsar a ƙasa. "An ɗan kwana biyu."

"Wace shekara?"

"Shekarar da aka haifi auta."

Auta yanzu yana da gemu da 'ya ɗaya. Mama ta miƙe. Ta ɗauko hularsa ta kafa masa, ta saki birki, ta sauko da shi da baya tsaf, ta buɗe get, ta tsallaka titi da shi, yana ta bayanin cewa nauyin mutum yakan sauya tsakanin safe da yamma. Ba ta tsaya ko'ina ba sai shagon Mai gas, inda akwai babban sikeli na ƙasa da ake ɗora tukwanen gas. Mai gas ya taso da murna yana gaishe da Malam, yana cewa yau titi ya yi baƙo. Da ya ji abin da ya kawo su, ya janye tukunyar da ke kai, ya taimaka aka hau da keken.

Ɗari da takwas.

Mai gas ya duba, ya goge gilashin da gefen riga, ya sake dubawa. "Malam, in an cire keken, casa'in da biyu ke nan."

"Sikelinka yana ƙari."

"Da yana ƙari, Malam, da tuni na gina bene."

Mama ta riƙe ƙugu. "Kwana uku ina zargin gwiwata, ina zargin takalmina, har na fara zargin kimiyya. Ashe kilo ashirin da huɗu ka ɓoye mini. Buhu guda, Malam, a cikin riga."

"Kimiyya ba ta yi ƙarya ba," in ji Malam a hankali, kunnensa ya yi zafi. "Abin da aka ba ta shi ta dafa."

"Wa ya ba ta?"

"Wani ɗalibi ne mara gaskiya. Za a hukunta shi."

Mai gas ya yi dariya har ya zauna a kan tukunya. Shi ne ya tura Malam ya hau gida ranar, yana tafe yana cewa yanzu ya gane dalilin da bayansa yake ciwo tun watannin baya.

Aka sake kiran Kafinta, aka goge siminti, aka sake lissafi, wannan karon Mama ce ke faɗin lambobin. Ɗari da takwas sau biyu, ɗari biyu da sha shida. A raba da sha biyu, sha takwas. A ƙara uku na gugar taya, tunda nauyi ya ƙaru, ashirin da ɗaya. Kafinta ya ja tef daga bakin ƙofa zuwa inda keke zai iya juyawa a buɗe get, ya duba, ya sake ja. Goma sha tara. Tsakar gidan kuma siririya ce, katanga nan katanga can, ba wurin da gangare zai yi kwana ya dawo.

Ya yi iyakar abin da fili ya bari, ya mayar da gangaren ƙafa goma sha tara. Mama ta gwada. Ta wuce lemun, ranta ya yi fari, ta ci gaba, tana hango bakin ƙofa, saura kamar taku huɗu, numfashi ya ƙare, hannu ya mutu. Ta gwada da safe, ta gwada da yamma, ta gwada bayan ta ci ta ƙoshi. Taku huɗun nan suka ƙi ba da kai. Saura kwana biyar Sufeto ta zo.

Ranar Litinin da hantsi, bayan Kafinta ya hau da Malam ya tafi, Mama ta zauna a bakin gangaren ta sa kai a gwiwa. "Malam, tsoro nake ji," ta ce. "Za ta kwashe mu. Na yi iyakar yina, ƙarfin ke nan, ba ni da wani a ajiye."

Malam ya dube ta. Can ya ce, "Nawa ya rage miki? Kilo ɗaya ne ko biyu. Aikin nan bai damu da wanda ya yi shi ba, uwar yara. Shi dai a cika masa adadinsa." Ya ɗaga hannunsa na hagu ya juya shi yana kallo, kamar wani kaya da ya tsinta a aljihu. Sannan ya sauke shi kan ƙarfen da ke zagaye da tayar.

"Ta ce ni kaɗai."

"Ta ce ba kiran kowa. Ni ba kira na za ki yi ba, ina nan a zaune."

Ba su yarda Sufeto za ta karɓi wannan fassarar ba, don haka suka yanke shawarar bargo. Za a rufa masa a cinya ya zubo ta gefe ya rufe hannun. Kwana huɗu suna atisaye. Abin bai zo da sauƙi ba, don in ka tura taya ɗaya keke ba ya tafiya miƙe, karkata yake yi. Duk turin Malam sai keken ya nufi dama ya gogi shinge, Mama ta danno shi hagu, ya sake turawa, ta sake dannowa. Tafin hannunsa ya yi ja, ya yi bororo, bai ce uffan ba, shi da ƙaiƙayin sauro ma sai an ji labarinsa. Ranar Alhamis suka kai bakin ƙofa. Mama ta taka birki, ta duƙa ta sa goshinta a kan hularsa, suka tsaya a haka suna haki su biyu.

Asabar da safe motar Sufeto ta tsaya a ƙofar gida. Mama ta leƙa ta ga kujerar baya cike da kwalaye a ninke, da igiya, da babban salatif. Wato yarinyar nan ta riga ta yanke hukunci tun daga gida. Sufeto ta fito da kwalayen ta jingina a jikin get, ta gaishe su, ta bi gangaren da kallo, ta taka shi, ta girgiza shingen, ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashinsa.

"Baba, bargo da wannan zafin?"

"Tsufa ne. Za ki gani in kin kai."

Sauka ta tafi sumul, da baya, a hankali. Mama ta zagaya da shi har titi ta dawo, ta saita keken a gindin gangare. Sufeto ta koma gefe ta harɗe hannu. Mama ta ja numfashi ta tura.

Keken ya hau. Ya ɗan nufi dama, ta dawo da shi. Ya sake, ta sake. Suka wuce lemun. Gumi na bin bayanta, gwiwa na ƙara, bargon na motsi kaɗan-kaɗan kamar akwai kyanwa a ciki. Ga taku huɗun nan sun zo. Ta ji hannunta yana shirin mutuwa, sai ta ji keken ya yi sauƙi, ya ja gaba, ya yi sauƙi, ya ja gaba. Tayoyin gaba suka haye bakin ƙofa, na baya suka bi. Ta taka birki ta juyo, ba ta da numfashin magana, sai ido.

Sufeto ta hawo gangaren a hankali. Ba ta dubi uwar ba. Ta tsaya gaban uban, ta kama gefen bargon ta yaye. Hannun Malam na nan damƙe da ƙarfen taya, tafin duk ya ɗuri ruwa.

Shi ke nan, an kama su.

"Keke ba ya tafiya a karkace shi kaɗai, Baba," in ji Sufeto. "Kullum su nake turawa." Ta durƙusa, ta ɓamɓare yatsunsa daga ƙarfen ɗaya bayan ɗaya, ta buɗe tafin tana kallo. Muryarta ta sauya. "Wata uku masu gashin ƙashi suna roƙonka ka motsa jikin nan, ni ma ina roƙonka, ka ce ba amfani. Kwana nawa kana wannan?"

"Biyar."

"Da hannu ɗaya."

"Kilo biyu ne kawai nawa," in ji Malam. "Sauran duk na uwarki ne."

Sufeto ta miƙe, ta goge ido da bayan hannu, ta ce za ta kawo masa safar hannu da man shafawa, kuma kada wanda ya kuskura ya fasa bororon nan. Daga nan ta juya ta sauka gangaren. Mama ta bi ta da kallo, don har yanzu ba a ce eh ba, ba a ce a'a ba. Sufeto ta isa get, ta tattara kwalayen, ta rungume su, ta buɗe bayan mota ta fara cusawa.

Mama ta dafa kafaɗar Malam, ta ji tana girgiza, ba ta duba ba ko dariya yake ko kuka. Ta gyara ɗaurin zaninta, ta ɗaga murya yadda za a ji har titi.

"Sufeto, bar mini guda biyu. Albasata ba ta da wurin zama."